Soron da Na Zaɓa a Wuse

Ni 'yar magina ce, kuma sanin ginin nan da nake taƙama da shi ne ya kusa kashe mini ɗiya. Ubana da kakana duk ginin ƙasa suka yi a birnin Kano. Na tashi da warin makuba a tsakar gidanmu, wato ruwan ɓawon ɗorawa da ake shafe rufi da shi don kada ya sha ruwa. Tun ban iya daka ba na san azarar kirki da wadda gara ta cinye ta ciki. Baba yakan ɗauke ni wurin aiki ya ce, "Buga bangon nan ki gaya mini." In buga, in kasa kunne, in ce lafiyayye ne ko kuwa akwai rami, shi kuma ya yi ta dariya yana nuna ni ga abokansa. Da haka na girma ina ganin duk wanda ya kwana ƙarƙashin ciyawa, ko dai matalauci ne ko matafiyi.

Maigidana malamin dabbobi ne, aikinsa bin rugage yana yi wa shanu allura. Muna shekara ta huɗu da aure takarda ta zo, an mai da shi ƙasar Abuja. Ba wannan Abujar ta yanzu ba. A lokacin garin da ake kira Suleja yau shi ne Abuja, kuma can ma ba a bar mu ba, aka ce wurin aikinsa wani ƙauye ne mai suna Wuse. Da na gaya wa mutanen gidanmu, babu ko mutum ɗaya da ya taɓa jin sunan.

Ina goyon 'yar wata huɗu. Kafin ita na haifi namiji, ya yi wata bakwai, sanyi ya kama masa ƙirji a wata damina, kwana uku ya koma. Tun daga ranar ba na ƙaunar iska ta taɓa mini yaro. Ko atishawa yarinyar nan ta yi, sai gabana ya faɗi. Duk abin da na yi daga baya, da wannan tsoron na yi shi, amma ba zan yi ƙarya ba, akwai girman kai a ciki, kuma shi ya fi yawa.

Mun isa Wuse da bazara, a bayan motar hatsi, bayan kwana biyu a hanya. Duwatsu ta ko'ina, ƙasa ja, gonakin doya an tara kunya-kunya ana jiran ruwa. Dagacin garin ya ba mu wani ɗaki kusa da zaurensa, ya ce mu zauna mako guda mu nemi wuri. Albashin Malam ba wani abin kirki ba ne, kuma kowane wata sai ya yanki wani abu ya aika wa mahaifiyarsa. Saboda haka gidan da za mu kama dole ya zama mai sauƙi, kuma kusa da ruwa, kuma inda zai iya barina ni kaɗai in ya fita rangadi.

A al'ada namiji ne ke zuwa neman gida, mace ta ga abin da aka samo mata. Ni na ce ban yarda ba. Malam mutum ne mai sanyi, ba ya son dogon zance. Ya ce, "To, 'yar magina, yafa mayafinki mu je." Haka yake kirana. Tun da aka ɗaura mana aure ban taɓa jin sunana na yanka a bakinsa ba, kunya ba ta barinsa.

Muka fara da unguwar Hausawa, bakin kasuwa. Ɗaki ɗaya ne a gidan haya, mahauta a wannan gefe, masu sayar da tuwo a wancan, makewayi guda ga mutum fiye da ashirin, kuma kuɗin da suka faɗa sai ka ce gidan gaba ɗaya za su ba mu. Ban ko shiga ba. Wani abokin aikinsa ya ce a gwada ƙauyen Dutse Alhaji, can wuri a banza yake. Malam ya hau keke ya je, ya dawo da yamma kamar an jiƙa shi, ya ce akwai rafuka a tsakani, in damina ta sauka sai ya kwana biyu bai ga ofis ba.

Rana ta biyar aka kai mu bayan gari, wajen Gbagyi, waɗanda mu a lokacin Gwari muke ce musu. Wani magidanci yana da ɗakuna biyu zagayayyu a gefen gidansa, na jinka, ya faɗi kuɗi mai sauƙi. Ga rijiya, ga rumbuna, ga mata a gidan. Na ga fuskar Malam ta saki. Ni kuwa na sunkuya na shiga, na ɗaga kai, na ga ciyawa baƙi ƙirin da hayaƙi, kaza ta fito da gudu ta tsakanin ƙafafuna. Na ce a raina, in Baba ya ji 'yarsa tana kwana a nan, ai sai ya aiko a ɗauke ni.

Fitowar da zan yi, na hango shi. Tsakaninsa da gidan bai fi taku sittin ba. Soro ne sosai, mai kusurwa huɗu, da zankayensa a sama, da indararo biyu, kamar an ɗauko shi daga unguwarmu an dire a cikin dajin nan. Wallahi har ƙwalla ta zo mini.

Aka nemo mai jiran gidan, wani mahauci. Ya buɗe, na shiga gaba. Na buga bango, lafiyayye. Na ɗaga kai na ƙirga azara, goma sha huɗu, baƙaƙe, babu cin gara. Daɓen ƙasa sumul. Ciki da falo ne, ga ɗan tsakar gida da katanga. Da aka tambayi kuɗi, ya faɗi abin da bai kai rabin na bakin kasuwa ba, har ya ɗan gaza na ɗakunan ciyawar.

Malam ya ce, "Wa ya gina?"

"Wani falke ne, mai fataucin goro. Daga gida ya kawo maginansa."

"Yana ina?"

"Ya koma."

"Wa ya zauna bayansa?"

Mahaucin ya sosa ƙeya ya ce babu tukuna.

Malam ya ja ni gefe, ya rage murya. Ya ce, "Gari guda, soro ɗaya tak, kuma ba kowa a ciki, kuma ya fi bukka araha. Bai ba ki tsoro ba?"

Na ce, "Ba su san daɗinsa ba ne. Wanda ya saba da ciyawa me ya sani?"

"Ni dai hankalina ya fi kwanciya da can."

A nan na faɗi maganar da har yau nake da-na-sanin ta. Na ce, "A ɗakin ciyawa kake so in kwantar da ita, sanyi ya zo ya ɗauke ta yadda ya ɗauke yayanta?" Ya dube ni, ya dubi ƙasa. Ya sa hannu a aljihu ya ba mahaucin kuɗin wata.

Ranar da muka tare, mahaifiyar magidancin nan mai ɗakunan jinka ta zo. Tsohuwa ce gajera, ƙaƙƙarfa, kafaɗarta ta dama ta yi kanta, domin matansu ba sa ɗaukar kaya a ka, a kafaɗa suke ɗauka. Ta sauke damin itace a ƙofata, kyauta. Na ce, "Sannu, Iya." Ta shigo ba ta jira an ce ta shigo ba, ta ɗaga kai ta daɗe tana kallon rufin. Hausarta irin ta wanda ya koya a kasuwa ce.

Ta ce, "Matan Malam, ɗaki nan ba ya son ruwa."

Na ce, "Iya, ubana magini ne. A cikin irinsa aka haife ni."

"Ruwan ku yana zo, yana tafi. Namu in ya zo, yana zauna."

Na yi murmushin da ake yi wa wanda ba a ɗauki maganarsa da nauyi ba, na ba ta goro. Da yamma na sa Malam ya rubuta wa Baba wasiƙa, na ce a gaya masa Allah ya ba mu soro mai zanko, azara goma sha huɗu, kuma duk garin mu kaɗai ne.

Ruwa ya sauka da wuri, lokacin da a Kano ko hadari ba a fara gani ba. Na farko ya yi, na biyu ya yi, ko ɗigo babu. Na riƙa fita ƙofa bayan an ɗauke ina miƙa, don tsohuwar ta gan ni a bushe. Ɗorawa kuwa ga ta nan birjik, na tara ɓawo na jiƙa makuba da kaina, na sa Malam ya hau tsani ya shafe rufin ina daga ƙasa ina ba shi umarni. Na yi duk abin da na ga Baba yana yi.

Abin da ban sani ba shi ne, a gida in an yi ruwa yau, gobe rana za ta fito ta gasa rufin, kafin wani ruwan ya zo ya bushe ƙamas. A Wuse kuwa sai a wayi gari da ruwa, a ɗauke, sama ta tsaya a rufe, da la'asar a sake. Wata na uku bangon waje ya yi kore. Ciyawa ta tsiro a kan rufin, Malam ya hau ya cire, ya sauko ya ce ƙafarsa tana nutsewa. Aka fara yoyo a kusurwa ɗaya, na tara kwano. Aka koma uku. Kwanukan jerena da na zo da su don ado, duk suka sauko ƙasa suna tarar ruwa.

Kowace safiya tsohuwar nan sai ta biyo, wani lokaci da doya, wani lokaci da ganye. Ta yi wa yarinya wasa, sannan ta ɗora tafin hannunta a bango, ta ɗan danna, ta dubi hannun, ta fita. Ba ta ƙara ce mini komai a kan ɗakin ba. Da ta yi magana da na samu abin mayarwa. Shirun nan nata ya fi komai ƙona mini rai, har na kai in na ji tafiyarta sai in sha kunu.

Da marka ta kama, aka aiko cewa ciwo ya shiga shanu a rugagen da ke wajen Idu, dole Malam ya je, kwana biyar. Yana ɗaure akwatin allurai a bayan keke ya ce, "Na yi magana da maƙwabta. Ɗakin nan yana nan, sun share. In ruwa ya yi yawa, ki ɗauki yarinya ki koma."

Na ji kamar ya mare ni. Wato har ya je ya kai ƙarata wurinsu. Na ce, "Allah ya kiyaye hanya."

Ya tafi da safe, da hantsi aka fara ruwa. Ba mai ƙarfi ba, ba iska, ba tsawa, irin mai zuba a hankali ɗin nan kamar ba shi da niyyar tsayawa. Aka yini ana yi, aka wayi gari ana yi. Itacena ya jiƙe, da ƙyar na hura wuta na dama kunu. Yarinya ta fara ɗan tari, na naɗe ta cikin zane biyu, ina taɓa ƙirjinta kowane lokaci.

Rana ta biyu da azahar na je rufe ƙofar ciki, ta ƙi rufuwa. Na tura, ta cije a sama. Na tsaya riƙe da ita, domin na san abin da wannan ke nufi. Ina 'yar shekara tara Baba ya taɓa nuna mini ƙofa irin wannan a wani gida, ya ce in ƙofa ta ƙi shiga gurbinta, ba ita ta kumbura ba, sama ce ta sauko, kuma a ranar ya sa mutanen gidan suka kwashe kayansu. Na ɗaga kai. Azara ta bakwai da ta takwas sun yi ciki, sun lanƙwaso kaɗan, wanda bai sani ba ba zai lura ba. Ni na sani.

Na jawo turmi tsakiyar ɗaki, na kifa shi, na ɗora taɓarya a kai, na tokare azarar da ita, na cusa tsumma don ta kama. Na ja tabarmar yarinya na mai da ita jikin bangon gabas, inda ya fi bushewa. Na ce gobe rana za ta fito. Na ce ba zan fita da yarinya mai tari cikin ruwa ba. Na kawo wa kaina dalilai iri-iri, amma na gaskiyar shi ne ba zan iya tako taku sittin ɗin nan da goyo a baya in tsaya a ƙofar matar nan in ce ta yi gaskiya ba.

Rana ta uku ba rana. Ƙasa ta fara zubowa ta tsakanin azara, ɗan kaɗan-kaɗan, tana faɗawa cikin kwanukan, ruwan ya koma ja. Taɓaryar da na sa da hannu ɗaya, na gwada motsa ta da hannu biyu, ko gezau. Na yi sallar azahar idona yana sama, ban san abin da na karanta ba.

Ina sallamewa tsohuwar ta shigo, da wata faffaɗar malfa a kanta, ruwa yana zuba ta gefe-gefe. Kwana biyu ba ta zo ba, ashe zazzaɓi ya kwantar da ita. Ta ga turmi da taɓarya. Ta dube ni. Muna tsaye haka sai azarar ta yi ƙara, siririya, kamar an taka busasshen kara.

Ta ce, "Fita."

Na ce, "Na tokare shi. Zai kai gobe."

"Matan Malam, fita yanzu."

"Iya, gidana ne. Yarinya tana tari, ba inda zan kai ta cikin ruwan nan."

Na ɗauki wani kwano da ya cika na je bakin ƙofar tsakar gida in zubar. Juyowar da zan yi, tabarma ba kowa. Na hango bayan tsohuwar tana fita ta ƙofar waje, ta saɓa yarinyar a kafaɗa, daidai inda take ɗora itace, ta cire malfar daga kanta ta kifa mata.

Ban san lokacin da na yar da kwanon ba. Na fita ba mayafi, ba takalmi, ni da ko ƙofar gida ba na leƙawa sai da lulluɓi. Ina gudu ina ihu, "Ɓarauniya! Jama'a, ta sace mini ɗiya!" Na haɗa mata da wata kalma a kan addininta da kabilarta, wadda ba zan rubuta a nan ba. Da ƙarfi na faɗa, kuma ba sau ɗaya ba. Mutane suka leƙo ta ƙofofin ɗakunansu, 'ya'yanta da jikokinta duk sun ji. Santsi ya kwashe ni na faɗi a taɓo, na tashi, na cim mata daidai ƙofar ɗakinta, na kai mata duka a baya. Tsohuwa, mai zazzaɓi. Ba ta ko waiwayo ba, ta sunkuya ta shige.

Na bi ta ciki na fizge yarinyar. Na lalube ta ko'ina, zanen sama ne kawai ya ɗan jiƙe. Ko kuka ba ta yi, sai ma kallon wuta take. Sai a lokacin na lura da ɗakin. Wuta tana ci a tsakiya, ƙasa a bushe, ɗumi kamar cikin bargo. Kwana uku ana ruwa, ciyawar nan da na raina ko ɗigo ba ta bari ya shigo ba.

Duk da haka na juya zan koma. Wannan ma sai na faɗa, don shi ne gaskiya. Na rungumi yarinyar na nufi ƙofa. Tsohuwar ta riga ni, ta zauna a bakin ƙofar, ta miƙe ƙafafunta ta tare hanya, tana haki, ruwa yana ɗiga daga furfurarta. Ƙofar ƙarama ce, sai dai in taka ta in wuce.

Na ce, "Ki ba ni hanya."

Ta ce, "Kai ka tafi in kana so. Yaro ya zauna."

Na tsaya, ita ma ta zauna. Na ce kayana suna can, kwanukana, akwatina, gadona. Ɗanta, mai gidan, ya leƙo ya ce bari ya je ya kwaso abin da ya samu. Ta daka masa tsawa da yarensu, ya koma. Na zauna a kan wani kututture, na juya mata baya, na ba yarinya nono. Lokaci yana ta tafiya, ba abin da ya faru. Zuciyata ta fara dawowa, ina shirya maganganun da zan gaya mata in aka ɗauke ruwa soron yana tsaye, da waɗanda zan gaya wa Malam a kan maƙwabtan da ya zaɓa mana. Har na buɗe baki na ce, "Kin gani ko? Ina ce yanzu zai faɗi?"

Ba a fi tafasar ruwa ɗaya ba muka ji shi. Ni na zaci in gini zai faɗi ƙara ce za ta cika gari. Ashe ba haka ba ne. Dim ɗaya ne, mai nauyi, kamar an sauke buhun hatsi daga kan jaki, sai dai na ji shi a tafin ƙafata. Kaji suka watse. Wata mata a waje ta yi salati irin namu, wata ta kira sunan Yesu.

Tsohuwar ta janye ƙafafunta daga ƙofa. Ban tashi ba. Na ƙanƙame yarinyar har ta fara mutsu-mutsu. Ba wanda ya ce mini kin gani. Surukar tsohuwar ta kawo zane busasshe ta yafa mini.

Ban san iya lokacin da na yi a haka ba. Ruwan ya tsagaita wajen la'asar sakaliya. Sai na ji wata murya daga waje, tana kiran wani suna, tana sake kira. Sai da aka kira sau uku ko huɗu na gane sunana ne, na yanka, kuma muryar Malam ce. Ashe Fulanin sun ce masa ya koma gida tun rafuka ba su rufe hanya ba, ya turo kekensa ta hanyar bayan gari, bai bi ta gaban kowa ba.

Na leƙa ta ƙofa. Bangaye huɗu suna tsaye, da zankayensu, amma ƙofar waje a buɗe take, kuma ta cikinta ina ganin sama a inda rufi yake da. Kekensa yana yashe a taɓo. Shi kuma yana durƙushe a kan tulin jar ƙasa, yana tona da hannuwansa, yana jefar da ita gefe, yana kiran sunana, yana kiran na yarinya. Wajen bangon gabas yake tona, don ya san can ya fi bushewa.

Na kasa fita in tsaya a gabansa. Tsohuwar ta zo ta tsaya a gabana ta miƙo hannu biyu. Wannan karon ni na miƙa mata yarinyar. Ta saɓa ta a kafaɗa, ta fita, tana takawa a hankali don santsi. Ina kallo ta tsaya a bakin ƙofar soron ta ce, "Malam, ga shi nan." Ya ɗago. Bai karɓe ta ba ma, hannuwansa duk taɓo da jini, sai ya zauna daɓas a kan ƙasar ya kifa kai a gwiwa.

Washegari maza suka taru aka tone. Taɓaryar ta karye biyu. Tabarmar yarinya sai da aka yi haƙa har gwiwa kafin a kai gare ta, kuma azara biyu suna gicciye a kanta. Kwanukan jerena sun lotse, kaɗan aka tsira da su. Malam bai taɓa ce mini ai na gaya miki ba, ko a ranar, ko bayanta, har ya bar duniya. Sunana ma bai sake faɗa ba, ya koma 'yar maginarsa.

Muka tare a ɗakunan jinkan nan, muka yi shekara shida. Tarin yarinya ya warke cikin mako guda. Na sa aka rubuta wa Baba abin da ya faru, ban rage komai ba. Amsarsa gajera ce. Ya ce laifinsa ne, ya koya mini bango da azara da makuba, bai koya mini cewa rabin aikin soro rana ce ke yin sa ba, don a Kano ba a taɓa rasa ta ba balle a tuna da ita.

Tsohuwar kuwa, da Malam ya karɓi albashi na sa ya sayo turmin atamfa, na kai mata. Ta karɓa, ta shafa, ta ce yana da kyau. Na zauna a gabanta ina jujjuya maganar a bakina, in ce ki yafe mini abin da na kira ki, ki yafe mini dukan. Sai ta miƙo hannu ta ɗauki yarinya tana yi mata rawa, ni kuma na ce bari sai wani lokacin. Shekara shida muna gida ɗaya, ita ta yaye mini yarinyar, ita ta karɓi haihuwar biyun da suka biyo baya. Kullum ina cewa gobe. Aka sake yi wa Malam canji muka tafi, na yi kuka, ta yi kuka, a ranar ma ban faɗa ba.

Da aka ce za a gina babban birni a wurin, aka tashi mutanen Wuse aka kai su wani waje. Yarinyar nan ta girma, aiki ya kai ta Abuja, ta ɗauke ni a mota muka zaga Wuse ina neman inda gidan yake. Kwalta ce da shaguna da hayaniya, ko dutsen da nake shanya a kai ban gane ba. Muka bi sawu har inda aka mai da su, muka samu wani jikanta, shi ma ya yi furfura. Ya ce ta rasu tun kafin tashin, a tsohon gidan aka binne ta, bayan ɗakinta. Ya tuna da ni sarai. Ya yi dariya ya ce, "A'a, matan Malam mai soro!" Na ce masa na zo ne in roƙi kakarsa gafara. Ya dube ni, ya dubi 'yata da ke tsaye riƙe da makullin mota, ya ce, "Wannan ne yaron?" Na ce ita ce.